Kala Biyun da Ban Riƙe Ba

Mijina Muttaka ya rasu ranar wata Talata a kan hanyar Kambarawa. Ya ɗauko katunan ɗaurin aure zai kai wa masu su, motar yashi ta haɗa da mashin ɗinsa. Shekararmu tara da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Labarin rasuwar kowa a Ƙofar Guga ya san shi. Abin da na yi da hannuna bayan rasuwar ne ban taɓa zama na faɗa wa kowa daga farko har ƙarshe ba.

Ni saƙa nake yi. Ina da injin saƙa a ɗaki, ina yin kayan sanyi na jarirai, riga da wando da hula da safa, wani lokaci har da shawul. Hannuna yana da kyau, ba yabon kai ba, amma ban iya haɗa kala ba. Sai in ɗauki kore shar in haɗa da ruwan hoda in ƙara ja a bakin hannu, ni a idona ya yi. Wata mata ta taɓa dawo mani da saiti guda, ta ce da ta sa wa ɗanta sai ya koma kamar tiren mai tallan alewa. Muttaka ya yi dariya ranar har ya ƙware. Tun daga nan ya laƙaba mani Hajiya bakan gizo.

Shi a shagon buga kati yake aiki a Ƙofar Kwaya, shi da abokinsa Malam Sagir. Shi ke zana katunan a kwamfuta. Bai yi jami'a ba, amma mutum ne mai naci. Da kansa ya koyi rubuta manhaja, yana kallon darasi a waya yana gwadawa, ta lalace ya sake. Wata rana ya dawo gida da kwamfutarsa ya ce ya samo mani magani. Ya ce akwai wani shafi a intanet da mutanen duniya suke zuba haɗin kala, biyar-biyar, waɗanda suke zama lafiya da juna. Kuma akwai wasu bayin Allah da suka riga suka rubuta wani ƙunshin aiki da ya san yadda ake magana da shafin, sunansa laburare. Ba sai ka fara daga tushe ba, aro za ka yi ka ɗora 'yan layukanka a kai. Ban gane rabin abin da ya faɗa ba. Na dai ce in zai hana a dawo mani da kaya, to ya yi.

Ya yi shi daidai ni, wadda ta tsaya a aji huɗu na firamare. In na buɗe kwamfutar akwai hoton dunƙulen ulu, in na danna sai baƙin allo ya fito. In rubuta kalar da nake so da Hausa, ko shuɗi ko ruwan goro, in danna babban madanni, in jira kaɗan. Sai sanduna biyar su bayyana a jere, kowace da kalarta da lambarta a ƙasa. Muttaka ya ɗauke su hoto a waya ya tafi shagon Alhaji Babaji mai zare a kasuwa ya sayo mani ulun. Cikin wata uku matar nan mai maganar alewa ta turo mani ƙanwarta.

Sai muka ci karo da wata matsala. Kalolin mutanen waje da yawa babu su a Katsina. Alhaji Babaji kala arba'in da wani abu gare shi, ba ƙari. Allon ya nuna wani kore mai laushi kamar ganyen zogale, ka je kasuwa ka tarar da kore irin na fentin ƙofa. Shi ne Muttaka ya bi shagon ya tsinko zare ɗaya-ɗaya daga kowane ulu, ya ɗauke su hoto, ya fitar da lambobinsu, ya fara haɗa nasa da abin da ake samu a garinmu kaɗai. Ya buɗe asusu a shafin yana zuba su ciki. In na rubuta “namu” sai nasa su fito. Cikin shekara biyu ya haɗa fiye da ɗari, kuma kowane ya raɗa mashi suna. Akwai Wake Ya Ƙone, wannan ruwan ƙasa ne da baƙi da ruwan madara da wasu biyu. Akwai Gwaggo Ta Yi Fushi. Akwai Bayan Ruwan Agusta, shi ne aka fi saye. Saboda sunayen duk zancen cikin gida ne, sai ya kulle asusun, ba mai gani sai mu.

Satin da zai rasu ya tasa ni gaba da mita, wai shekara tara ina yi wa 'ya'yan mutane saƙa, shi ko hular sanyi ban taɓa yi mashi ba. Ya ce bargo yake so, babba, wanda zai rufe mu mu biyu, kuma shi zai zaɓi kalolin. Kwana shida yana canzawa. Safiyar Talatar ina tsakar gida ina dama koko ya kira ni.

“Hajiya bakan gizo, zo ki ga na bargonmu, na gama.”

Na leƙo daga bakin ƙofa da ludayi a hannu. Na ce, “Malam, kokon zai yi gudaji. Ka bari anjima, ai ba gudu zai yi ba.”

Ya ce to, ya rufe kwamfutar.

Daga inda na tsaya na ga sanduna uku na gefen hagu, ruwan ƙasa da ruwan madara da shuɗi mai duhu. Biyun ƙarshe hasken taga ya faɗa a kansu, ban ga komai ba. Kafin azahar aka zo aka faɗa mani.

Da na shiga takaba sai Gwaggo Binta, ƙanwar mahaifina, ta zo daga ƙauye ta zauna da ni. Tsohuwa ce mai riƙo da abin da ta taso ta tarar. Ta ɗauke kwalli da turare, ta juya madubi ya kalli bango, ta tattara ulun ɗakin duka ta zuba a buhu ta ɗaure, ta ce mai takaba ba ruwanta da ja da rawaya. Ban yi mata musu ba, ni ma idona ba ya son ganinsu. Kwamfutar kuwa ni na ɗauke ta da kaina. Na naɗe ta a zane, na sa a ƙasan akwati, na ɗora wayata a kai, na kulle, na ɗaure makullin a bakin zanena. A tunanina kalolin Muttaka suna cikinta kamar yadda riga take zama a akwati. In ba wanda ya buɗe, ba abin da zai ɓata. Tsorona ma kada wani ya danna inda bai kamata ba ya goge mani su.

Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki aka yi sallama a zaure. Gwaggo ta fita, ta jima, ta dawo tana taɓe baki. Ta ce abokin aikin marigayi ne, wai kwamfutar yake so, akwai wani aikin shago da za a sauko da shi kafin lokaci ya ƙure. Ta ƙara da nata, ta ce tun ƙasa ba ta bushe ba an fara sa wa kayan mutum ido, kuma kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba gado. Na ce ta ba shi haƙuri, sai na fita takaba.

Ya sake dawowa ina cikin wata na uku. Wannan karon ina jin muryarsa daga ɗaki. Yana roƙon Gwaggo ta bari ya yi magana da ni ko ta bayan labule ne, ba zai wuce minti biyu ba. Na san addini bai hana ba, na sha ji a wajen malamai. Gwaggo ta leƙo ta tambaye ni da ido. Ni kuwa a lokacin ko sunan shagon ba na son ji. Na girgiza kai. Sai na ji tashin mashin ɗinsa.

Wata huɗu da kwana goma suka cika. Na yi wanka, aka yi sadaka, Gwaggo ta kwance buhun ulu ta koma ƙauye. Da aka zauna rabon gado 'yan'uwan Muttaka suka ce kwamfutar ta shiga cikin rabona, tunda da ita nake sana'a. Washegari da hantsi aka kawo wuta. Na share ɗaki, na shimfiɗa tabarma, na buɗe akwatin. Na sa wa kwamfutar caji, na haɗa ta da wayata yadda Muttaka ya koya mani. Na danna dunƙulen ulu, baƙin allo ya fito, na rubuta “namu”, na danna babban madanni. Na san sunayen nan za su fito ɗaya bayan ɗaya da irin maganarsa.

Sai jan rubutu ya cika allon, da Turanci, layi a kan layi.

Na ɗauka data ce ta ƙare. Na sa wata, na sake, jan rubutu. Na rubuta shuɗi, jan rubutu. Na kashe na kunna har sau huɗu. Da azahar ta yi na sa hijabi, na naɗe ta a zanen, na hau Keke Napep zuwa Ƙofar Kwaya.

Wani mutum da ban sani ba ne zaune a kujerar Muttaka. Malam Sagir ya miƙe da ya gan ni, ya ba ni benci, muka gaisa. Ya yi mani ya haƙuri, ya tambayi Gwaggo, ya tambayi mutanen gida, ya sake yi mani ya haƙuri. Duk yana yi idonsa yana kan ƙunshin da ke cinyata. Na kwance na miƙa mashi, na ce ta lalace, ya duba mani, don akwai kalolin bargo da nake so in cire. Ya buɗe, ya kalli jan rubutun. Bai ma karanta shi har ƙarshe ba.

“Malama Safara'u, ba ta lalace ba. Lafiyarta lau.”

“To ina suke?”

“Ba a cikinta suke ba. Ba su taɓa zama a cikinta ba.”

Ya yi mani bayani a hankali, sau biyu, don na farko bai shiga ba. Ya ce abin da Muttaka ya rubuta ɗan aike ne kawai. Duk sanda na danna, laburaren nan ne yake zuwa can shafin ya ƙwanƙwasa, ya nuna makullin Muttaka, a ba shi kalolin, ya kawo ya nuna mani. Ina rufewa ya sake su. Ma'ajiyar tana can wata ƙasa, a hannun masu shafin. Su kuma sun rufe harkar. Sun aika wa duk mai asusu saƙo cewa an ba shi kwana casa'in ya sauke kayansa, bayan nan za a share. Saƙon ya zo kamar sati biyu bayan rasuwar. Shi ma ya samu, don yana da nasa asusun, shi ya sa ya san na Muttaka yana cikin haɗari. Bai san kalmar sirrin Muttaka ba, amma makullin yana cikin kwamfutar. Da ya samu ya buɗe ta, aikin minti goma ne.

Na zauna ina lissafin kwanaki da yatsu a ƙarƙashin hijabi. Wa'adin ya cika saura kwana ashirin da shida in fita takaba. Ranar da ya zo na biyu, ranar da na girgiza kai, akwai sauran kusan sati biyu.

Na ce ai Gwaggo cewa ta yi aikin shago ne. Ya ce ya faɗa mata kayana ne ba na shago ba, amma shi kansa bai san yadda zai yi wa tsohuwa bayanin abin da ba a gani ba a taɓawa ba. Ya ce ya kira wayata ya fi a ƙirga, a kashe. Ya fara cewa laifinsa ne, da ya turo matarsa ta shigo har ɗaki. Na ce ya bari. Gwaggo ta tambaye ni, ni na ce a'a.

Na bar mashi kwamfutar kwana biyar. Ba abin da bai yi ba, Allah ya saka mashi. Ya rubuta wa masu shafin wasiƙa da Turanci, ya ce mai asusun rasuwa ya yi, matarsa ce ke nema. Amsar da ta dawo inji ne ya rubuta ta, wai wannan adireshin ya daina aiki. Ya ce akwai wuraren da suke adana tsofaffin shafuka, ya duba can, amma ba sa adana abin da mai shi ya kulle. Ya bi cikin kwamfutar lungu-lungu. Wayar Muttaka ta farfashe a hatsarin, ita ce mai hotunan da yake kai wa Alhaji Babaji. A tawa wayar aka samu guda goma sha ɗaya da ya taɓa turo mani, sanduna ne kawai, ba suna. Na bargon ba ya ciki.

Ranar da na koma karɓa ya ce akwai abin da yake so in gani da idona. Ya buɗe inda Muttaka ya yi rubutun manhajar, duk Turanci da alamomi, ya sa yatsa a kan wani layi guda da ke tsakiya. Wannan da Hausa yake. Na karanta a hankali, harafi-harafi. An rubuta, “A nan zan sa ya riƙa ajiye kwafi a gida. Bayan salla in sha Allah.”

Na tambaye shi wace sallar. Ya duba kwanan watan, ya ce an rubuta shi fiye da shekara guda kafin rasuwar, salla uku ta wuce a kai. Ya ɗan yi dariya, ya ce haka mutumin yake, gyaran fankar shagon nan ma bayan salla ne. Sai ya cire hularsa ya goge fuska da ita, ya juya yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Ya ce abin da zai iya shi ne ya cire tsohon laburaren ya sa wani da ke ɗauko kala daga wani shafin daban, don sana'ata kada ta tsaya. Na ce ya yi. Yanzu in na rubuta shuɗi sanduna biyar suna fitowa kamar da. Na mutanen da ban sani ba ne, kuma rabinsu babu a kasuwarmu. In na rubuta “namu” allon yakan ɗan yi jim, sannan ya dawo ba komai.

Sauran wuri ɗaya ya rage mani. Na tafi kasuwa wajen Alhaji Babaji, karo na farko da na taka shagonsa, don da Muttaka ke zuwa. Da na faɗi ko ni wace ce ya sa aka kawo mani kujera, ya yi addu'a mai tsawo. Na tambaye shi ko a satin ƙarshen nan Muttaka ya zo ya tambayi wani ulu. Ya ce ya zo, ranar Lahadi ko Litinin, ya tsaya yana jera dunƙule a kan kanta yana ja da baya yana kallo, kamar yadda ya saba. Na ce waɗanne ya jera. Alhaji ya rufe ido ya daɗe.

“Kamar akwai ruwan makuba. Ko ruwan goro ne. 'Yata, in na ce maki na tuna, na yi maki ƙarya.”

Ya sauko mani da ukun da na sani ya ajiye a kan kanta. Sannan ya riƙa sauko da sauran ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa a gefensu. Na tsaya tun bayan azahar har aka kira la'asar. Na sa ruwan makuba, ya zauna. Na cire na sa ruwan toka, shi ma ya zauna. Na sa kore, a idona ya yi, sai na tuna idona ne, wanda aka sani. Ba wanda na ɗora da zuciyata ta ce shi ne, ba kuma wanda ta ce ba shi ba ne. Masu saye suna shigowa suna ratsa ni. A ƙarshe na ce ya ƙulla mani ukun.

Na ɗora bargon a kan inji cikin satin. Na yi ruwan ƙasa faɗin tafin hannu biyu, na bi da ruwan madara, na bi da shuɗin. Da na zo inda na huɗu zai shiga na tsaya. Kwana tara yana rataye a injin. Sai wata mata ta kawo aikin suna, dole na zare shi na ɗaure bakin da wani zare don kada ya warware, na ninke na ajiye. Maƙwabciyata ta ce in maimaita ukun kawai, wa zai sani. Na ce mata to, amma ban yi ba.

Sunayen ma suna tafiya. Da na fita takaba na zauna na lissafa waɗanda na riƙe, na samu ashirin da uku. Watan jiya na sake, goma sha tara. Wasu na riƙe sunan na manta kalolin, wasu ga kalolin a cikin hotuna goma sha ɗayan nan amma ban san me ya kira su ba.

Shekaranjiya na fito da guntun bargon na shimfiɗa a bakin ƙofa, na koma inda na tsaya da ludayi a safiyar nan, na kalle shi daga can. Ruwan ƙasan daidai ne, ruwan madaran ma haka. Shuɗin ne na daɗe ina kallo. Sandar ta uku ita ce kusa da inda hasken taga ya faɗa, kuma kallo ɗaya na yi mata. Yana yiwuwa shuɗi mai duhu ne. Yana yiwuwa kuma kore ne mai duhu, ko ruwan toka da inuwa ta hau. Da ina da tabbacin uku. Yanzu biyu nake iya rantsewa a kansu.